Masu Gudun Boston da Watannin Ɗari

A kowace shekara, ran Litinin ta uku a cikin watan Afrilu, mutane wajen 30,000 sukan taru a wani ɗan gari mai suna Hopkinton, a arewa maso gabashin Amurka, su kama hanya a guje har tsakiyar birnin Boston, nisan kilomita 42 da mita 195. Kuma wannan gasa, wadda aka fara a shekarar 1897 da mutum 15 kacal, shekara guda bayan da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina, ita ce mafi daɗewa a cikin gasannin gudun fanfalaki da ake yi shekara-shekara a duniya. Mai kallo a wannan rana ƙarshen al'amari kaɗai yake gani. Tun da yake ƙa'idar masu horarwa ita ce a yi shiri na mako 16 zuwa 20, lissafi ya nuna farkon shirin yana faɗawa cikin Disamba, nauyinsa kuwa a Janairu da Fabrairu, wato daidai lokacin da ɗari ya kai maƙura a wannan nahiya.

Wajibi ne mai karatu ya san irin sanyin da ake nufi, domin hunturunmu, duk da tsagewar leɓe da faso da yake kawowa, ba ya daskarar da ruwa a randa. Alhali a Boston daren Janairu yakan sauka wajen digiri 5 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos, wani zubin ma ya zarce haka nesa, rana kuma a Disamba takan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe huɗu na yamma, har ya zama ma'aikacin da ke neman sa'a guda ta gudu ba shi da zaɓi illa duhun asuba ko duhun almuru. A sanyin 2014 zuwa 2015 dusar ƙanƙarar da ta zuba a birnin ta kai kimanin mita 2.8, abin da ba a taɓa rubuta irinsa a can ba, amma duk da haka aka yi gasar a Afrilu kamar yadda aka saba.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, a wurin masana aikin jiki, sanyi a karan kansa ya fi kusa da rahama ga mai gudu bisa ga azaba. Dalili kuwa, daga cikin ƙarfin da tsoka take fitarwa daga abinci, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai yake zama motsi, sauran duka zafi ne wanda dole jiki ya nemi hanyar zubar da shi, in dai yana so ya tsaya a mizaninsa na digiri 37. Saboda haka a rana mai zafi zuciya tana raba jini gida biyu, wani ga tsokokin ƙafa, wani ga fata domin a huce, amma idan iska ta yi sanyi sai wannan hidima ta biyu ta yi sauƙi, ƙafafu su sami rabonsu cikakke. Shi ya sa mafi yawan lokutan da suka fi kyau a tarihin wannan gudu aka yi su da sanyin safiya na wajen digiri 10. Kuma shi ya sa tsofaffin hannu suke yi wa sabon shiga nasiha da ya yi shiga kamar garin ya fi yadda yake ɗumi, ya yarda ya ji ɗari a mintuna goman farko, gama wanda ya fito daga gida yana jin daɗin jikinsa, kafin ya ci kilomita uku zai jiƙe sharkaf.

A wannan jiƙewa hatsarin yake. Kowa ya san yadda tulu ke sanyaya ruwa, ta hanyar ɗan tsattsafon da ke fitowa ta jikinsa iska ta kwashe. To, haka nan gumi yake yi wa mutum, kuma abin da yake ni'ima a bazara shi ne musiba a Janairu, musamman da yake ruwa yana jan zafi daga fata fiye da busasshiyar iska har ninki 25 ko kusa da haka. Rigar auduga, wadda muke yabo a ƙasarmu saboda tana shan gumi, a can ita ce abar gudu, domin tana riƙe danshin ta manna shi a ƙirji da baya. Abin da masu gudu suke yi shi ne sa tufa hawa-hawa: ta ciki siririya, ta ulu ko ta zaren roba mai tura gumi waje, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska, da zif wanda za a zuge idan jiki ya ɗau zafi. Akwai kuma wata hikima da ba ta cin ko kwabo, wadda a ganina ta fi tufafin tsada amfani, ita ce mutum ya fara gudunsa yana fuskantar iska tun jikinsa yana bushe da ƙarfinsa, ya komo gida iskar tana bayansa. Wanda ya yi akasin haka zai gamu da ita a jiƙe, a gajiye, nesa da gida.

Mafi munin sa'a ita ce sa'ar tsayawa. Muddin ƙafa tana aiki, zafi yana ɓuɓɓugowa daga ciki. Amma da zarar an gurɗe, ko ƙarfi ya ƙare aka koma tafiya, sai samar da zafi ya faɗi nan take alhali asararsa tana nan yadda take, kuma idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga halin da likitoci suke tsoro, wanda alamominsa su ne makyarkyata, da sarƙewar harshe, da tuntuɓe, da ruɗewar hankali, har mutum ya kasa gane cewa yana cikin haɗari. Saboda wannan ne masu tadbiri suke zagaya unguwa sau da yawa maimakon su miƙe hanya ɗaya mai nisa, kuma da sun shiga gida, kafin shayi, kafin komai, sai sun tuɓe jiƙaƙƙun kaya.

Gaɓoɓin nesa kuwa, wato yatsu da kunnuwa da hanci, su ne jiki yake fara sadaukarwa, yana tsuke jijiyoyinsu domin ya tattara jini ga zuciya da huhu, don haka safar hannu da hula ba ado ba ne. Maganar da ake yi cewa huhu yana daskarewa ba ta da asali, gama hanci da maƙogwaro suna ɗumama iska kafin ta isa can. Illa dai iskar sanyi busasshiya ce, jiƙa ta da hanyoyin numfashi suke yi yana busar da su, daga nan tari da ƙuncin ƙirji suke tasowa, musamman ga mai ciwon asma, maganinsa na farko kuwa ƙyalle ne a rufe baki da hanci. Ƙishirwa ma tana yaudara, tana raguwa a cikin sanyi alhali ruwa yana fita ta gumi da numfashi da yawan fitsari.

Sai batun ƙasa. Dusar ƙanƙara sabuwa tana gajiyarwa amma tana riƙe ƙafa. Wadda ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, ta zama siririn gilashi a kan kwalta wanda ido ba ya gani, ita ce mai karya ƙugu da wuyan hannu. Wasu sukan ɗaura ƙananan kusoshi a ƙasan takalmi, su gajarta taku. Wasu kuma sukan koma ɗaki su hau injin gudu, wanda bel ɗinsa ke juyawa ƙarƙashin ƙafa mutum yana wuri ɗaya. Kuma ko da yake akwai masu ganin wannan ragwanci ne, tarihi bai goyi bayansu ba. Ingrid Kristiansen ta ƙasar Norwe, wadda ta kafa bajintar duniya a Landan a 1985 da sa'a 2 da minti 21 da daƙiƙa 6, ta kuma ci Boston a 1986 da 1989, ta shahara da yin horon sanyi a kan irin wannan inji a gidanta. Haka nan Christine Clark, likita daga Alaska, da shi ta yi yawancin shirinta har ta ci gasar zaɓen 'yan Olamfik na Amurka a shekarar 2000. Istiƙama daban, taurin kai daban. Wanda ya ɗage dogon gudunsa daga Asabar zuwa Lahadi saboda guguwa bai rasa komai ba, wanda ya karye a Fabrairu kuwa ya rasa shekara.

Abin da ba a watsar da shi har abada shi ne dogon gudun nan na mako-mako, wanda ake ƙara masa nisa sannu a hankali har ya kai kilomita 30 ko 35, domin sukarin da jiki yake ajiyewa a hanta da tsoka yakan ƙare a wajen wannan nisa, sai an koya wa jiki tattalinsa da ƙona kitse tare da shi. A hanyar Boston kuwa, kamar da gangan, a daidai nan ne tuddan garin Newton suke tare mutum.

Ranar 16 ga Afrilun 2018 ta nuna fa'idar wannan horo na sanyi a fili. An tashi da sanyi na wajen digiri 4, da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, da iska mai bugun fuska tun daga farko har ƙarshe, manyan gwanaye da dama suka janye a hanya suna karkarwa. Geoffrey Kirui na Kenya, zakaran gasar 2017, ya yi nisa a gaba har ana ganin magana ta ƙare, sai ƙarfinsa ya yanke a kusa da ƙarshe, Yuki Kawauchi na Japan ya wuce shi ya ci a sa'a 2 da minti 15 da daƙiƙa 58. Shi wannan bawan Allah a lokacin ma'aikacin ofis ne a wata makarantar gwamnati, ba da gudu yake cin abinci ba. Amma ran 1 ga Janairun 2018 ya riga ya yi cikakken gudun fanfalaki a garin Marshfield, kudu da Boston, cikin sanyi na wajen digiri 17 ƙasa da sifiri. A ɓangaren mata Desiree Linden, wadda a lokacin take horo a jihar Michigan mai tsananin ɗari, ita ta zo ta ɗaya, Ba'amurkiya ta farko tun 1985.

Sai dai kada a ɗauka cewa wanda ya sha ɗari ya gama shiri, domin Afrilun Boston ba shi da alkawari: a 1976 da 2012 zafi ya haura digiri 30, mutanen da suka kwashe watanni cikin ƙanƙara suka yi ta zubewa, tun da jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, ya koyi yin gumi da wuri. Masu hangen nesa sukan ƙara tufa da gangan, ko su yi wasu gudun a ɗaki mai ɗumi, a makonnin ƙarshe.

Ga ɗan'uwanmu da neman ilimi ko neman halali ya kai irin waɗannan ƙasashe, har sha'awar wannan gudu ta kama shi, shawarata ita ce ya fara ganin likita idan yana da ciwon zuciya ko asma, ya ajiye rigar auduga, ya sa abin da fitilar mota za ta haska a jikinsa, ya kuma shaida wa mutanen gida hanyar da zai bi da lokacin da za su sa ran dawowarsa.