Katin bashi na jaka ɗari biyar a shekara: yana da riba ga ɗan Nijar mai zuwa gida?

A watan Satumban 2025 kamfanin American Express ya ƙara kuɗin shekara na katinsa na Platinum a Amurka daga dala 695 zuwa dala 895. Watanni uku kafin nan bankin Chase ya ɗaga na katin Sapphire Reserve daga dala 550 zuwa 795. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba. In aka juya 895 ɗin zuwa sefa, kuɗin na kai wa wajen jaka ɗari biyar, kusan albashin shekara guda na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato jaka 42 a wata. Kuma wannan kuɗin riƙe katin ne kawai, ba a sayi komai da shi ba tukuna.

Duk da haka katin na jan hankalin matasa, har da ƴan Nijar mazauna New York ko Greensboro. Na ƙarfe ne, yana da nauyi a hannu. A TikTok da YouTube ana ganin masu shi a zauren hutawa na filin jirgi, ga abinci ga kujera mai laushi, suna cewa da maki suka sayi tikitin. Ga wanda ke biyan kuɗi masu yawa duk lokacin da zai zo ganin gida, maganar tikitin kyauta ba ƙaramar magana ba ce.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Duk dalar da aka kashe da katin tana kawo maki, makin kuma ana sayen tikiti ko ɗakin otel da shi, ko a mayar da shi asusun wani kamfanin jirgi. Bankin ba sadaka yake yi ba. A Amurka mai shago kan biya kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na cinikin da aka yi masa da irin waɗannan katunan, ga kuɗin shekara, ga kuɗin ruwa daga waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. A Tarayyar Turai tun 2015 doka ta ƙayyade kason bankin mai kati a kan kashi 0.3 cikin ɗari ga galibin katunan bashi, shi ya sa mazauna Faransa ko Beljiyam ba su ganin irin garaɓasar da ake yi a Amurka. Lokacin da Chase ya fito da Sapphire Reserve a 2016, da kyautar maki dubu ɗari ga sabon shiga, rububin ya kai ga katunan ƙarfen suka ƙare, aka koma aika wa mutane na roba na wucin gadi.

American Express na cewa alfanun da ke cikin Platinum ya haura dala 3,500 a shekara. Lissafin daidai ne a takarda. Sai dai ba tsabar kuɗi ba ne, ragi ne da aka yanka gunduwa-gunduwa: wani a manyan otel-otel, wani a zaɓaɓɓun gidajen abinci, wani a shagon kayan motsa jiki na Lululemon, wani kuma dala 15 ta Uber a wata, wadda in watan ya wuce ba a yi amfani da ita ba ta tafi. An tsara katin ne don ma'aikacin kamfani da ke hawa jirgi sau biyu ko uku a wata kuma yake kwana a otel mai tsada. Wanda zai sauka gidansu a Damagaram, ya ci tuwon mahaifiyarsa, ragin otel ba ya ƙara masa komai.

Akwai ma wanda ya fi cizo. Katin na mayar da dala 200 a shekara na kuɗin kaya da makamantansu, kuma kowa ya san ɗan Nijar ba ya zuwa gida da jaka ɗaya. Amma sai mutum ya zaɓi kamfani guda daga cikin jerin kamfanonin jiragen Amurka irin su Delta da United. Royal Air Maroc, Turkish Airlines da Ethiopian, waɗanda su ne ke sauka filin jirgin Diori Hamani, ba su cikin jerin. Akwatin tsaraba na uku daga aljihu za a biya.

A ɗauki misalin matashin da ke kashe dala 2,000 a wata da katin, ya kuma sayi tikitin Yamai na dala 1,500 sau ɗaya a shekara. Platinum na ba da maki ɗaya a kan kowace dala a sayayyar yau da kullum, da maki biyar a kan tikitin jirgi. Ya tashi da maki 31,500 ke nan. In ya sayi tikiti da su a shafin kamfanin, maki ɗari na daidai da dala ɗaya, wato dala 315. Da katin da ba a biyan kuɗin shekara ya riƙe, irin mai mayar da kashi 2 cikin ɗari kamar Citi Double Cash, da ya samu dala 510 tsaba, ba tare da ya fitar da 895 ba.

Masu sha'awar harkar za su ce ai ba haka ake cin moriyar maki ba, mayar da shi ake yi kamfanin jirgi, inda darajarsa kan ninka. Gaskiya ne, amma hanyar Yamai ta ƙuntata. Da can mafi sauƙi shi ne Flying Blue na Air France, wanda American Express da Chase duk ke tura wa maki. Air France kuwa ta dakatar da zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Saura zagaye: a tura makin British Airways don neman kujera a Royal Air Maroc, tunda duk suna ƙawancen oneworld, ko a tura Air Canada don neman Turkish ko Ethiopian. Kujerun maki ƙalilan ne, kuma lokacin da kowa ke son tafiya, gab da babbar salla ko hutun makaranta, su ke fara ƙarewa. Harajin filin jirgi kuma da kuɗi ake biyan sa.

Ba a ce katin ba shi da amfani ba. Wanda ya taɓa yin awa takwas a kan benci a Kasabalanka ko Istanbul yana jiran jirgin dare ya san darajar zauren hutawa, kuma katunan na zuwa da Priority Pass mai buɗe irin waɗannan zauruka. Ba su cajin kashi 3 cikin ɗari da wasu katunan ke ɗorawa a kan sayayya a ƙasar waje. Sapphire Reserve na mayar da dala 300 ta kuɗin tafiya kai tsaye, ba zaɓen kamfani, yana kuma da inshorar ɓatan kaya har dala 3,000 ga kowane fasinja, abin da mai canza jirgi da akwatuna huɗu ba zai raina ba. Venture X na Capital One ya fi kusa da aljihun talaka: dala 395 ne, ana mayar da 300 in an sayi tikiti ta shafinsu, ga maki dubu goma duk shekara, kuma yana tura maki Turkish Airlines kai tsaye.

Babban ramin yana wani wuri. Kaso mai tsoka na kuɗin ɗan ci-rani gida yake zuwa, ga abincin iyali, ga gini, ga biki. In aka aika da katin bashi ta kamfanonin tura kuɗi, galibi banki na ɗaukar sa a matsayin rancen tsaba: a caji wajen kashi 5 cikin ɗari nan take, kuɗin ruwa ya fara hawa tun ranar, maki kuma ko ɗaya babu. Haka abin yake in an cire sefa da shi a injin banki a Yamai. A gida kuwa ciniki na tsaba ne ko na waya. Manyan otel na karɓar Visa da Mastercard, American Express kuwa sai an sha yawo.

Sai kuɗin ruwa. A ƴan shekarun nan matsakaicinsa a katunan bashi na Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Wanda ya bar bashin dala 3,000 a kan kashi 22 zai biya dala 660 a shekara, fiye da ninki biyu na makin da matashin can ya tara. Ga Musulmi maganar ta wuce lissafi. A shekarar 2000, a zamanta na Riyad, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wasu malamai a ƙasashen Yamma sun sassauta saboda larura, tunda a Amurka haya da sayen mota na neman tarihin biyan bashi, da sharaɗin a biya duka kowane wata. Sai dai larurar da kati maras kuɗin shekara ke biya, da wuya a ce sai na dala 895 zai biya ta.

Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin New York, Dubai da Guwanzu sau biyar ko shida a shekara, yake biyan bashinsa kaf a ƙarshen wata, zai iya fanshe kuɗinsa har da ƙari. Mai zuwa gida sau ɗaya a shekara biyu, shekarar farko ce kawai kan yi masa daɗi saboda kyautar shiga, ita ma sai ya kashe dubban daloli cikin ƴan watanni kafin a ba shi. A shekara ta biyu kyautar ta wuce, kuɗin shekara ya dawo.

Wanda ya riga ya karɓa yana da mafita. American Express na mayar da kuɗin shekara in an rufe katin cikin kwana 30 da fitowarsa a takardar lissafi, kuma bankunan kan yarda a sauya zuwa ƙaramin kati maimakon rufewa. Kafin rufewar sai a tura makin kamfanin jirgi ko a kashe shi, domin in mutum ba shi da wani katin kamfanin mai tara irin wannan maki, makin kan tafi tare da katin.