Karatun Ƙarshen Mako a Jami'a: Digirin Gaske ne ko Kwalin Kuɗi?

Karatun da ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure ke yi a jami'a da yamma, ko Asabar da Lahadi, ya daɗe yana shan suka. Wasu na ce masa "kwalin kuɗi", hujjarsu kuwa ita ce ba a kiran masu shi bautar ƙasa. Wannan hujja ba ta riƙe ruwa. Takardar da hukumar bautar ƙasa, NYSC, ke ba su ta ɗauke musu hidimar ne saboda tsarin karatun, ba ta rage wa digirin daraja ba.

Tsarin ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1949 Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe sashen kai karatu ga manya a garuruwansu. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sannan ta farfaɗo a 2002. Yau Jami'ar Bayero na da makarantar ci gaba da karatu, Jami'ar Ahmadu Bello kuma na da cibiyar karatu daga nesa ta intanet. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Sai dai sukar ba ta rasa tushe. A 2012 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta dakatar da irin waɗannan kwasa-kwasai, bayan wasu jami'o'i sun mai da su saniyar tatsa, suna ɗibar ɗalibai fiye da ƙarfin malamansu.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake ƙirƙiro kwas ɗin. Tela ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga. Mai abinci ba ta ɗora tukunya sai ta san bakin da za su ci. Amma sau da yawa manhajar ɗan shekara 18 ake kwasowa a ɗora wa magidancin da ya shekara 20 a bakin aiki, kamar a ba ɗan dako takalmin amarya.

Shirin SAFE na ƙungiyar Sasakawa ya nuna wata hanya. An fara shi a Jami'ar Cape Coast ta Gana a 1993, daga baya ya iso Zariya da Kano. Malaman gona masu difloma ake ɗauka. Kafin su gama, kowa zai koma ƙauyen da yake aiki, ya zauna da manoma su fitar da abin da ke damunsu, ko ƙwarin da ke cinye wake a rumbu ne, ko ƙarancin iri mai kyau. Sai ya gwada mafita tare da su, malamansa su biyo shi har gona su ba shi maki.

Irin wannan kwas na buƙatar abu uku: a tuntuɓi masu sana'ar kafin a rubuta manhaja, a sa lokacin darasi daidai da aikin ɗalibi, kuma kuɗin da aka tara ya koma kan malamai da kayan koyarwa, ba kan motocin ofis ba.