Akwatin littattafai na unguwa: Yadda yake aiki da abin da zai sa ya ɗore a Katsina

Duk magidancin da ya mayar da yara makaranta a farkon shekarar karatu ya san cewa kuɗin littattafai kan yi gogayya da kuɗin makarantar kansa. A gidan maƙwabcinsa kuwa, mai yiwuwa irin littattafan da yake nema suna jibge cikin kwali a ƙarƙashin gado, yaran da aka saya wa sun wuce ajin, gara tana cin rabonta. Wannan tazara da ke tsakanin mai nema da mai ajiya ita ce akwatin littattafai na unguwa yake ƙoƙarin cikewa.

Mene ne akwatin?

Ƙaramin kabad ne mai ƙofar gilashi da ake kafawa a kan turke a bakin hanya, wanda galibi yake cin littattafai 20 zuwa 40. Ba a sa masa kwaɗo, ba a yin rajista, ba a cin tara. Ƙa'idarsa ɗaya ce: mai wucewa ya ɗauki littafin da ya ga dama, idan ya gama ya mayar ko ya kawo wani a madadinsa.

Tsarin ya yi suna ne daga garin Hudson na Jihar Wisconsin a Amurka, inda a 2009 wani mutum mai suna Todd Bol ya ƙera akwati mai siffar ƙaramar makaranta, ya kafa a ƙofar gidansa don tunawa da mahaifiyarsa, wadda malamar makaranta ce. Shi da abokinsa Rick Brooks suka ci burin zarce adadin ɗakunan karatu 2,509 da attajiri Andrew Carnegie ya gina. Sun cim ma burin a 2012, shekarar da ƙungiyarsu ta Little Free Library ta zama ta jinƙai a hukumance. Bol ya rasu a 2018, amma zuwa 2022 akwatunan da ke da rajista sun kai 150,000 a ƙasashe fiye da 100. A Ingila ma, wasu ƙauyuka sun mayar da tsofaffin jajayen ɗakunan tarho na bakin titi ma'ajiyar littattafai.



Ba baƙon abu ba ne a Katsina

Akwatin bai zama ruwan dare a biranenmu ba, amma al'adar da ya dogara a kanta tsohuwa ce. A birnin da ya fitar da malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, ilimi ya yaɗu ne ta hanyar aro: ɗalibi ya ari littafin malaminsa, ya kwafa da hannu, ya mayar. Har gobe, kantar masallacin unguwa cike take da Alƙur'anan da bayin Allah suka bayar waƙafi, kowa ya ɗauka ya karanta ya ajiye, babu mai gadi.

Da littattafan hikaya na Hausa suka bunƙasa daga shekarun 1980, shagunan hayar littafi suka buɗe a biranen Arewa, matan aure suna aiken yara su karɓo su mayar. Ma'aikacin da ke tsayawa a teburin mai jarida ya karanta kanun labarai bai saya ba, shi ma cin moriyar wannan al'ada yake yi.

Abin da ya sauya shi ne faɗin gari. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gine-gine suka tsallake ganuwa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da dama yanzu suna zaune ne a wurare irin su rukunin gidajen Barhim da Goruba da Dutsin Safe da filayen bayan Ƙofar Ƙaura. Yaron da ke can sai an ba shi kuɗin Keke Napep kafin ya je ɗakin karatu a cikin gari, kuma a gidan da ake lissafin cefane, wannan kuɗi ne farkon abin da ake yankewa.

Inda gizo ke saƙa

Ƙera akwati aikin kafinta ne na kwana ɗaya ko biyu. Riƙe shi ne jidali. Na farko akwai yanayi: ƙurar hunturu, zafin bazara da ke narkar da gam ɗin littafi, feshin damina, sai kuma gara. Saboda haka akwatin yana buƙatar inuwa da rufin kwano mai fitowa waje, a kuma ɗaga shi daga ƙasa.

Na biyu, takarda tana da kasuwa. Littafin da aka bari babu mai kula yana iya ƙarewa a hannun mai ƙosai ko mai tsire, ƙarfen akwatin kuma a buhun 'yan jari-bola. Hatimi a shafin farko mai nuna cewa littafin waƙafin unguwa ne, ba na sayarwa ba, yana rage wannan ɓarna.

Na uku, me za a zuba a ciki? Iyaye za su so sanin abin da 'ya'yansu suke karantawa, kuma littafi ɗaya da ya saɓa wa tarbiyya ya isa ya sa a juya wa akwatin baya. Littattafan addini masu ɗauke da ayoyi kuwa sun fi dacewa da kantar masallaci, inda za a kiyaye alfarmarsu.

Akwai kuma darasi daga Kanada. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan biranen Toronto da Calgary ya gano cewa akasarin akwatunan suna unguwannin masu hali ne, waɗanda dama ba su rasa littafi ba. Idan a GRA kawai za a kafa, an kai ruwa inda rijiya take.

Abin da ake buƙata

Duk waɗannan matsaloli maganinsu ɗaya ne: mutum tsayayye da zai ɗauki amanar akwatin. A Amurka mai gidan da ya kafa shi ne yake dubawa. A nan, wanda ya fi dacewa shi ne wanda ba ya barin wurin: mai shagon tireda, tela, mai kemis ko ladanin masallaci, tare da sanin mai unguwa. Ya kamata kuma a tuna da matan da ba sa zama a bakin titi, a ajiye wani akwatin a makarantar Islamiyya.

Akwatin ba zai maye gurbin ɗakin karatu ba, kuma ba ya sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Amma Abubakar Imam yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda aka buga a 1934. Abin kunya ne yaro ya tashi a wannan birni bai taɓa riƙe littafin ba, alhali kwafinsa yana ruɓewa a gidan da ke jikin nasu.