Naɗar Murya Don Bincike: Gyara Tun Daga Tushe

Duk wanda ya duba kundin ɗaliban ilimin harsuna a jami'o'inmu zai ga an ce an naɗi muryar dattawa a ƙauye kaza. Amma da za a ce a kawo muryar a saurara, sai a fara kame-kame: wayar ta ɓace, ko kwamfutar ta lalace. A ganina, binciken da ba za a iya komawa ga tushensa ba, rabin bincike ne.

Matsalar tana farawa ne tun wajen ɗauka. A rubuce, "fara" ta ƙwaro, da "fara" ta launi, da "fara" ta soma aiki duk ɗaya suke. Karin sauti da tsawon wasali ne suke raba su. Irin wannan bambanci ake aunawa da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙiro a Jami'ar Amsterdam. To, tsarin MP3 da saƙon murya na WhatsApp suna matse sauti, su zubar da wani sashe nasa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina su ɗauka a tsarin WAV, da makirufo kusa da bakin mai magana, nesa da ƙarar janareta. Awa guda ba ta wuce megabait 320 a layi ɗaya, idan an ɗauka da inganci irin na faifan CD.

Bidiyo kuwa yana kama motsin leɓɓa da ishara da hannu, sannan manhajar ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen tana ba da damar rubuta fassara daidai da kowace daƙiƙa. Sai dai wajibi ne a nemi izinin mai magana, a rubuta ranar, da wurin, da shekarunsa, a ajiye kwafi uku a wurare daban-daban.

Nijeriya tana da harsuna sama da 500, kuma ƙananan harsuna da dama a Bauchi suna gushewa saboda yara sun koma Hausa. Tsohon da aka naɗa bana, wataƙila baɗi ba ya nan. Ma'ajiyar ELAR, wadda ta koma Berlin daga Landan a 2021, tana adana irin waɗannan muryoyi. Ya kamata sassan harsuna namu su kafa tasu, su kuma daina karɓar kundin da bai zo da muryarsa ba. Allah Ya sa mu dace.