Matan da ke Kwana a Ƙasan Gadon Asibiti

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwanciya na babban asibitin gwamnati a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri bayan sallar isha'i ya san yadda wurin yake. Maras lafiya yana kan gado, a ƙasa kuwa, tsakanin gado da gado, an shimfiɗa tabarma, a kan tabarmar kuma mace ce. Uwa ce, ko matar aure, ko ƙanwa, ko 'ya, wani lokaci ma kishiya ko maƙwabciya. Gefenta ga flas ɗin ruwan zafi, ga kular abinci, ga buta da bokiti da mafici. Sunanta ba ya cikin jerin ma'aikata, ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu. Amma da za a ce masu jinya irinta su naɗe tabarminsu su tafi gida na kwana biyu, da aikin ɗakin ya tsaya cak.

Jinya ba sabon abu ba ce gare mu. Tun zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaida al-Aslamiyya ta kafa hema a masallacin Madina tana kula da waɗanda suka ji rauni, kuma a wurinta aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Sabon abu shi ne nauyin. A 'yan shekarun nan jinya ta ƙara tsawo, ta ƙara tsada, kuma ayyukan da a da ma'aikaci ke yi suna ta gangarowa kan mai tabarma.

Babban dalili shi ne ƙarancin hannu. A farkon 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta bayyana cewa sama da 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Idan nas ɗaya ko biyu suka kwana da ɗaki cike da marasa lafiya, allura da magani kawai za su iya kai wa kowa. Wanka, juya wanda ba ya iya motsi don kada bayansa ya yi gyambo, ba da abinci a baki, zubar da fo, wanke zanin gado, duk sai dai dangi. Ga kuma kuɗi. A taron Abuja na 2001 ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma na gwamnatin tarayya yawanci bai wuce kashi 4 zuwa 6 ba, kuma sama da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a neman magani daga aljihun mutane yake fita. Shi ya sa mai jinya ta zama 'yar aike: a rubuto mata safar hannu, sirinji, auduga da ledar ƙarin ruwa, ta bi layin biyan kuɗi, ta kai jini ɗakin gwaji, ta koma karɓo sakamako, in babu magani a ciki ta tsallaka titi zuwa kemis.

Cututtukan ma sun canza. Zazzaɓi yakan yi kwana uku ya saki, amma hawan jini da ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon suga da ya ci ƙafa, ba a ƙirga su da kwanaki. Mutanen Gashuwa da Haɗeja sun san abin da ciwon ƙoda ya yi wa gidajensu. Wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako yana nufin wata mace ta ajiye rayuwarta ta koma bin mota da zaman benci. A Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato kuwa, rashin tsaro ya kori ma'aikata daga ƙananan asibitocin karkara, don haka ciwon da za a tare a ƙauye sai ya tsananta a kawo shi birni, inda mai jinya ba ta da gidan da za ta je ta watsa ruwa.

Me ya sa mace? Adalci ne a faɗi cewa maza da yawa suna waje suna fafutukar kuɗin magani, wasu har da sayar da gona ko babur, kuma a ɗakin maza akan ga ɗa ko ƙane yana kwana da nasa. Amma idan dangi suka zauna shawarar wanda zai tare a asibiti, idon kowa kan mace yake faɗawa, da hujjar wai ita ba ta zuwa ko'ina. Wannan hujja ba gaskiya ba ce. Tana da tuyar ƙosai ko awara, tana da keken ɗinki, tana da zubin adashi, tana da 'ya'ya. Kuma ba a nan kaɗai ake haka ba: rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da mutane da ba a biya. Wayar hannu ta ƙara wani abu. Ɗan'uwan da a da zai zo ya karɓi kwana ɗaya, yanzu sai ya tura kuɗi, ya rubuta addu'a a WhatsApp, ya ji ya fita haƙƙi. Kuɗin yana da amfani ƙwarai, sai dai ba ya tashi ƙarfe uku na dare ya raka tsohuwa bayi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan lamari shi ne ƙananan abubuwan da ba wanda ya sa su. Mai jinya takan fifita kunu har ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta kafin ta kai bakin maras lafiya. Takan jiƙa tsumma ta goge masa leɓe idan an hana shi ruwa. Takan gyara wa tsohuwa ɗankwali kafin likitoci su shigo zagaye, don ta san mutunci ma magani ne. Takan ɓoye takardar kuɗi, ta ce "da sauƙi" alhali ita ta ji abin da likita ya faɗa. Kuma alherin ba ya tsayawa kan nata. Matan da ba su taɓa ganin juna ba sukan zama 'yan'uwa cikin kwana biyu. Wannan ta ce, "Baba, je ki yi salla, ina kallon ruwan nasa," waccan ta raba ruwan zafinta gida uku, wata ta raka baƙuwa daga ƙauye ta nuna mata tagar biyan kuɗi. Idan aka yi rasuwa cikin dare, matar gadon kusa ce ke fara rungume wadda aka bari, ta haɗa mata kayanta.

Amfanin wannan a fili yake. Mai jinya ce ke fara lura numfashi ya sauya ko hannu ya kumbura a wurin allura, ta ruga ta kira nas. Maras lafiyar da ke da mai kula ya fi cin abinci, ya fi shan magani a kan lokaci, ya fi samun ƙarfin zuciya.

Farashinsa kuwa ita ke biya. Jarin sana'a yakan narke, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota ya ninka kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A gida, babbar 'ya takan daina zuwa makaranta don ta riƙe ƙannenta, wato jinya ɗaya ta ci mata biyu. Mai jinyar ita kanta tana kwana a siminti cikin sauro, tana taɓa jini da amai ba safar hannu, a ƙasar da kwalara, tarin fuka da zazzaɓin Lassa ba baƙi ba ne. Saboda ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, wata takan ba da jiƙo a ɓoye ko ta taɓa ledar ruwa, a samu matsala. Mafi ciwo, idan rai ya yi halinsa, akan sami ɗan'uwan da bai kwana ko sau ɗaya ba yana tambayar me ta yi sakaci da shi.

A 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Oktoba don tunawa da masu kula da mutane. Mu ma muna da namu: "sannu da jinya," "Allah Ya ba da lada." Addu'a ce mai kyau, kuma Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici. Amma a ganina tukwicin ya yi kaɗan. Asibitoci za su iya ware rumfa mai gidan sauro da bayi mai ruwa, su kuma ba kowace sabuwar mai jinya bayanin minti goma kan wanke hannu, juya maras lafiya da alamun haɗari. Wannan bai kai kuɗin na'ura ɗaya ba.

Sauran aikin na dangi ne. A tsara karɓa-karɓa tun ranar farko, maza su shiga ciki. Cikin kuɗin da ake tarawa a cire wa mai jinya nata kason, a biya mata zubin adashi, a mayar mata da jari ranar sallama. Kai kuma mai zuwa dubiya da ledar lemo da ayaba, bayan ka tambayi mai jiki, ka juya ka tambayi wadda ke kan tabarma ko ta ci abinci, sannan ka zauna a wurinta awa biyu ta je ta yi barci.