Kula da Injunan Gandun Daji da Tanadin Kuɗin Sayen Sababbi

Aikin gandun daji a Nijeriya, tun daga dazuzzukan Omo da Oluwa a kudu har zuwa gandun Afaka kusa da Kaduna, ya dogara ne ga injuna: zarto mai inji na kayar da itace, tarakta mai jan gungume, da katafila mai share hanya. Galibinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, haka ma kayan gyaransu. Saboda haka duk injin da ya mutu kafin lokacinsa hasara ce ga mai shi da kuma ƙasa baki ɗaya.

Zarto mai inji shi ya fi yawa a hannun jama'a, shi ne kuma ya fi shan wulaƙanci. Ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam. A cikin fetur ake gauraya masa man da zai tsare shi daga ci. Kamfanin Stihl ya ƙayyade kashi 1 na mansa cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5. Wanda ya zuba fetur zalla yana iya ƙone injin a yini guda. Wajibi ne a riƙa wasa haƙoran sarƙa da magagari, domin sarƙa mai dakushi tana shan mai, tana gajiyar da ma'aikaci. Alamarta a fili take: maimakon ɓarɓashin itace sai ta riƙa fid da gari. A lokacin hunturu kuwa, ƙura kan toshe matatar iska, don haka a share ta kullum.

Tarakta da katafila da sa'o'in aiki ake lissafa shekarunsu. Ya kamata direba ya ajiye littafi, ya rubuta sa'o'in da injin ya yi, da ranar juyen mai da sa giris, da kuɗin kowane gyara. Abin takaici, wannan littafi mai araha shi aka fi sakaci da shi.

Amfaninsa yana bayyana ne ranar shawarar sayen sabo. A ƙaddara an sayi inji naira miliyan 1, ana sa ran zai yi sa'a 1,000. Kowace sa'a ta aiki ta cinye naira 1,000 daga jikinsa ke nan, ban da mai da ladan ma'aikaci. Wannan kuɗi ba riba ba ne, ajiye shi ake yi. Ko hakan ma ba ya wadatarwa, domin darajar naira ta faɗi ƙwarai a 1986 da kuma 2023, farashin kayan waje ya hau. Da farashin sabon inji na wannan shekara ya kamata a yi lissafin, a kuma sake shi duk shekara.

Idan littafin ya nuna kuɗin gyara yana hawa, kwanakin da injin ke kwance wurin makanike suna ƙaruwa, har tsadar sa'a guda ta aikinsa ta zarce ta sabo, to lokacin sauya shi ya yi. Masu son koyon sarrafa waɗannan injuna da gyaransu, akwai Kwalejin Tarayya ta Injunan Gandun Daji a Afaka.