AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Daga Roni Zuwa Kumasi Da Dattijo, Mota Ko Jirgin Ƙasa?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwa a Roni, cikin masarautar Kazaure. Ya ce mahaifinsa ya haura shekara 70, kuma yana da ƙane a unguwar Aboabo ta birnin Kumasi a ƙasar Gana, rabonsu da ganin juna ya fi shekara 30. Tsohon ya matsa a kai shi su gana tun suna da rai. Mai tambayar yana da 'yar motarsa ta cin kasuwa. Yana so ya sani, ya tuƙa su da kansa ne, ko su bi jirgin ƙasa, tunda ya ga ana shimfiɗa layin dogo ta Kazaure?

To Malam, madalla da wannan niyya, Allah ya ba da lada. Bari mu fara da jirgin ƙasan, don a nan mutane da dama suke ruɗewa.

Babu layin dogon da zai ɗauke ku daga Nijeriya ya shiga da ku wata ƙasa. Dalilin yana cikin tarihi. Turawan mulkin mallaka sun gina dogo ne don kwasar kaya daga cikin ƙasa zuwa bakin teku, kowa a cikin gonarsa. Na Ingilishi ya taso daga kudu ya iso Kano a 1911, ya riƙa jidar gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi. Na Faransa a Dahomi, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Benin, ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Faraku. Na Gana ya tashi daga Sakandi ya isa Kumasi a 1903, daga baya aka haɗa Kumasi da Ankara, babban birnin ƙasar, a 1923. Kowanne daga teku yake zuwa tudu, babu wanda ya ratsa gabas da yamma ya haɗa maƙwabta. Ko faɗin layin ma ba ɗaya ba ne. Tsohon layinmu da na Gana milimita 1,067 ne, na ƙasashen renon Faransa mita ɗaya cif. Ko da an haɗa bakinsu, taragon wannan ba zai hau na wancan ba. Ban da haka, jirgin Kwatano zuwa Faraku ya daɗe da daina ɗaukar fasinja, haka na Togo, kuma babu jirgin fasinja tsakanin Ankara da Kumasi.

Aikin da kake gani a Kazaure kuwa, layin Kano zuwa Maraɗi ne. An ƙaddamar da shi a watan Fabrairu na 2021, tsawonsa kilomita 284, ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara jigila zai yi wa 'yan kasuwarmu amfani ƙwarai, amma iyakarsa Maraɗi. Daga can babu wani layi da zai karɓe ku. Wanda aka gina tsakanin Yamai da Doso, aka gama a 2016, yana nan kwance ba ya jigilar mutane.

Abin da ya rage maka na jirgi guda biyu ne, duka a cikin gida. Akwai na Kaduna zuwa Abuja da aka buɗe a 2016, daga tashar Rigasa zuwa Idu, kilomita 186. Akwai kuma na Badun zuwa Legas da aka buɗe a 2021, daga Moniya zuwa Ebute Meta, kilomita 157. In ka haɗa su kilomita 343 ke nan, alhali tafiyarku daga Roni zuwa Kumasi ta bakin teku ta kai kusan kilomita 2,000. Ka ga jirgin bai ɗauke muku ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Tsohon layin Kano zuwa Legas kuma, ko a lokacin da aka farfaɗo da shi a ƙarshen 2012, yakan ci fiye da awa 30 a hanya. Kada ka ɗora shirinka a kansa.

Duk da haka ban ce ka raina waɗannan guntaye biyun ba. Ga dattijo, jirgi yana da abin da mota ba ta da shi. Akwai bayan gida a ciki, kuma mutum zai miƙe ya taka ba tare da ya roƙi direba ya tsaya ba. Wanda ya taɓa tafiya da tsoho mai yawan fitsari ya san darajar wannan. Wahalarsa ita ce sauyin abin hawa. Yawancin tashoshin suna bayan gari, sai ka sauke kaya, ka nemi tasi, ka riƙe Baba da hannu ɗaya, jaka da ɗaya. Tikiti kuma ta intanet aka fi sayarwa, ana neman katin shaida, don haka sai ka sa wani yaro mai waya ya saya muku tun da wuri. Za ka tuna harin da aka kai wa jirgin Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da jigila har zuwa Disamban wannan shekarar. Saboda haka ka bincika halin da ake ciki a makon tafiyarku, a jirgi da kan titi duka.

Yanzu sai hanya. Kakanninmu fataken goro sun san Gwanja tun kafin mota. Ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, ya bi Nikki da Jugu da Yandi har Salga, a shafe watanni. Bayan yaƙin Salga na 1892 Hausawan can suka bazu zuwa wasu garuruwa, zangon Kumasi ya ƙara cika. Alhassan Ɗantata yana cikin na farko da suka juya cinikin goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Na kawo wannan ne don ka san ba baƙon wuri za ku ba. A Aboabo da Asawase, da Nima a Ankara, da zangon Lome da na Kwatano, da Hausa za ka yi ciniki, ka tambayi masallaci, ka nemi masauki.

A taswira, hanyar arewa ta fi jan hankalin mutumin Roni. Ga Katsina nan kusa, sai Jibiya, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Doso, Yamai, a shiga Barkina Faso, a gangara Gana ta Tamale. Ban ba ka shawarar bin ta da dattijo ba. Tsakanin Yamai da Fada Ngurma yanki ne da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil kuma an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har cikin 2025 ɓangaren Nijar bai buɗe ba, mutane da kwalekwale suke haye kogi. Sannan Nijar da Barkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025.

Hanyar da ta rage ita ce ta bakin teku: Kano, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Badun, Legas, Badagiri, sai iyakar Seme. Daga nan Kwatano, a ƙetare iyakar Hilakonji a shiga Togo, a wuce Lome, a shiga Gana ta Aflawo, sai Ankara, sai Kumasi mai nisan kamar kilomita 250 daga can. Iyaka uku ke nan a zuwa, uku a dawowa. Benin da Togo da Gana duk suna cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba.

Amma rashin biza ba rashin takarda ba ne. Kai da Baba kowa sai da fasfo, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, daga ofishin shige da fice na Dutse ko Kano. Ba a yin fasfo sai da lambar katin ɗan ƙasa, don haka in Baba ba shi da ita, daga nan za ka fara. Za ka ji masu cewa ai akwai 'yan acaɓa da ke zagayawa da mutum ta bayan iyaka. Kada ka yarda. Wanda ya shiga ba hatimi a fasfonsa, duk shingen da ya tarar a gaba sai ya yi bayani, kuma in ciwo ya kama Baba a can, ko wata magana ta taso, ba ku da abin nunawa. Baba zai iya tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takarda daga Gana. Iyalai da yawa a ƙasar Hausa a nan suka rabu.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kati. A nan ina so ka natsu. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka ba ranar jajiberin tafiya ake yinta ba. Tun 2016 kuma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, in Baba ya taɓa yi yana da shaidarsa, a je da ita ofishin lafiya na filin jirgin saman Malam Aminu Kano a duba. In bai taɓa yi ba, sai likita ya gan shi tukuna, domin wanda ya haura shekara 60 ya fi saurin samun matsala daga wannan allura. Likita ne zai yanke ko a yi masa, ko a rubuta masa takardar uzuri. Kada ka sayi kati a hannun ɗan kamasho a bakin iyaka.

In da motarka za ku, ita ma da nata takardun. Lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mota da sunanka a kansu, inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, sannan a kowace iyaka kwastan za su ba ka takardar shigar da mota na ɗan lokaci, wadda a Benin da Togo suke ce wa lasefase. Wajen hannun tuƙi babu damuwa, duk dama ake bi, mu mun koma a 1972, Gana a 1974. Damuwar ita ce mota mai baƙuwar lamba, direba bai iya Faransanci ba, ga jandarma a shinge. Ka yi lissafin mai kuma. In motarka tana shan lita ɗaya a kilomita 10, zuwa da dawowa lita 400 ke nan. Ka buga da kuɗin lita a gidan man Kazaure, ka ƙara kuɗin masauki da abinci da takardu, ka ware na makanike. Kuma mutum ɗaya ba ya tuƙa wannan tafiya yana kula da tsoho a lokaci guda. Sai da direba na biyu.

Alherin motar kai shi ne kai ke da ikon tsayawa. Duk awa biyu a tsaya, Baba ya sauka ya taka, ya yi alwala. Dogon zama yana kumbura ƙafar tsoho, har yakan sa jini ya daskare a jijiya, abin da ke iya kisa. Tsofaffi kuma suna da wata ɗabi'a, sai su ƙi shan ruwa don kada su dami mutane da fitsari. Ka lura da wannan, ka riƙa miƙa masa gora ko bai tambaya ba.

In ni ne kai, motar zan bari a gida, ko in ajiye ta wurin ɗan'uwa a Kaduna. Mu kwana a Kaduna, mu hau jirgi zuwa Abuja, mu shiga motar safe zuwa Badun ko Legas, mu huta kwana ɗaya cur. Daga Legas akwai manyan motocin safa na kamfanoni, irin su ABC Transport, da ke zuwa Ankara kai tsaye. Ma'aikatansu sun saba da iyakokin nan, su suke tattara fasfo su kai a buga hatimi. Ka nemi kujerar gaba ko ta gefen hanya saboda Baba. Daga Ankara motocin Kumasi ba sa yankewa. Ka sa kwana biyar ko shida a lissafin zuwa, kuma ban da tafiyar dare ko ta halin ƙaƙa. In kuwa Baba yana da ciwon zuciya, ko ƙafa ba ta ɗaukarsa sosai, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwa ku duba jirgin sama daga Abuja ko Legas zuwa Ankara. Daga Legas tafiyar kamar awa ɗaya ce.

Maganin hawan jini ko na sukari, a ɗebi wanda zai isa har dawowa da ƙari, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle sai ka buɗe ka gani, ko na maƙwabci ne. Kayan sayarwa ma ka haƙura da su a wannan karon, don buhu biyu na iya tsayar da ku rabin yini wurin kwastan. Tsarabar ƙanen Baba, kamar kilishi da kuka da daddawa, kaɗan ta isa.

Kuɗi iri uku za ku taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. In za ka yi canji a Wapa, ka ce sefar yamma kake so, irin ta Nijar, don ta Kamaru da Cadi daban ce. Ka raba kuɗin gida biyu, wasu a jikinka, wasu a jikin Baba, tare da takarda mai ɗauke da lambar wayarka da ta ƙanensa. Agogon Benin ɗaya ne da namu, Togo da Gana suna bayanmu da awa ɗaya. Batun sallar ƙasaru kuma, ku zauna da malaminku kafin tashi ya yi muku bayanin inda take farawa da inda take yankewa in kun yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye.

Lokacin tafiya, ka bari sai an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da riɗi kuɗi ya zo hannu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ko bayan sabuwar shekara, kafin zafin bazara. Ka kauce wa makonnin Kirsimeti, don hanyar Legas da iyakar Seme cika suke maƙil, kuɗin mota ya tashi. Kuma kafin ka biya kuɗin kujera, ka saurari labarai, domin iyaka takan rufu ba sanarwa, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disambar 2020.

A gaida Baba, Allah ya kiyaye hanya.